Mota a Ajiye, Batir na Sauka: Shawarwari ga Magidantan Unguwar Rimi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, zaman mota a gida ya ƙaru a Kaduna. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ba ta kuma sake komawa ba. Duk wanda ya zaga Unguwar Rimi zai ga motoci lulluɓe da tamfol a cikin gidaje. Maigida ya koma shiga Keke Napep, ba a fito da mota sai Juma'a, ko ranar biki, ko in rashin lafiya ta taso da tsakar dare. A irin wannan lokacin ne kuma, da aka fi buƙatarta, ake murɗa makulli a ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun dashbod su dushe, mota ta ƙi tashi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin yanke hukunci. Da an kira bakanike sai ka ji, "Alhaji, batirin nan ya gama aiki, sai dai sabo." A sayo sabo da kuɗi mai tsoka, bayan mako biyu shi ma ya kwanta. Batir kamar randa yake. In aka wayi gari babu ruwa a ciki, ko dai randar ce ke yoyo, ko mai ɗebo ruwan ne bai cika ta ba, ko kuwa wani ne ke kamfata da dare. Sayen sabuwar randa maganin na farkon ne kaɗai. Shawarwarin nan duk a kan gano wanne ne daga cikin ukun suke, tun kafin a taɓa aljihu.

1. A mallaki mita a gida. Ƙaramar mitar auna wuta, irin mai lambobi da masu gyaran rediyo ke riƙewa, ana samunta a shagunan kayan lantarki, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin batir ba. A juya ta zuwa inda aka rubuta 20V a ɓangaren DC, a ɗora jan tsinke a kan batir mai alamar +, baƙin kuma a mai alamar −. Da safe ake awon, bayan mota ta kwana ba a tashe ta ba, domin batirin da bai daɗe da shan caji ba yakan nuna lambar da ta fi ƙarfinsa. Lafiyayyen batir cikakke yana nuna wajen bolt 12.6. In ya nuna 12.4, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. A 12.2 saura rabi. Ƙasa da 12.0 kuwa ya sauka sosai. Sai a sa wani ya tayar da mota ana kallon mitar: lambar za ta faɗi na ɗan lokaci, amma in ta gangara ƙasa da 9.6 alhali batirin a cike yake, to ƙarfinsa ya ƙare. A rubuta lambobin nan a takarda tare da rana. Su za a nuna wa mai gyara.

2. A raba batir da mota na kwana biyu ko uku. Wannan gwaji ba ya cin komai sai kuɗin caji, kuma shi ke raba gardama. A kai batir wurin masu caji ya cika, a mayar da shi mazauninsa, amma a bar kan da ke da alamar − a cire. A auna yau, a sake aunawa jibi ko gata. In lambar ta zauna kusa da inda take, batirin lafiyarsa lau, motar ce ke zuƙe shi. In kuwa ya sauka alhali babu wayar da ke jikinsa, laifinsa ne, ba sai an wahalar da mai wayarin ba. Sifana mai lamba 10 ce ke kwance kan batir a yawancin motocin Japan. Kullum mai − ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa, saboda gangar jikin mota gaba ɗaya a haɗe take da shi. In aka fara da mai + sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi ne da ƙuna. A cire zobe da agogon ƙarfe, kada kuma kowa ya matso da sigari, don batir na fitar da iska mai kama wuta.

3. A tabbatar altaneta, na'urar da ke cajin batir, na mayar da abin da aka ci. Mota na aiki, mita a kan batir, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5 ko kusa da haka. A kunna manyan fitilu da esi a sake dubawa. In lambar ta tsaya a 12 da 'yan kai, ba a caji: ko bel ya saki, ko burushin altaneta ya cinye, ko waya ta kwance. In ta haura 15, altaneta na dafa batirin ne, shi ma ɓarna ce.

A nan akwai wata ɗabi'a da nake roƙon a daina barin ana yi wa motocinmu. Wasu kanikawa kan zare kan batir mota na aiki, wai in ba ta mutu ba altaneta na da kyau. Dabara ce ta zamanin Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kakuri a 1975 ya cika titunanmu da su. Waɗancan motocin ba su da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar mota. Motar yau, ko Corolla ce ko Accord ko 406, batir ne ke danne hauhawar wuta a cikinta. Da an zare shi wutar na iya yin tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar mota, abin da kuɗinsa ya ninka na batir. In ka ga hannu ya nufi wurin, ka ce, "Malam, don Allah bari, ga mita mu auna."

4. A fara da abin da ido ke gani. Da daddare, bayan an kulle mota, a kashe fitilar tsakar gida a zagaya ta a hankali. Fitilar birki takan maƙale a kunne in ɗan robar da ke saman fedar birki ya farfashe. Sau da yawa za a tsinci gutsattsarinsa a kan kafet. Fitilar rufi, ta madubin kare rana, ta aljihun gaba da ake ajiye takardu, duk a duba. Ta but ce mai wuyar kamawa, tunda da an rufe ba a ganinta. Dabarar ita ce a kunna bidiyo a waya, a ajiye ta a ciki, a rufe but, a ƙirga goma, a buɗe a kalla. In hoton bai yi duhu ba, an kama mai laifi.

Kada a raina ƙaramin ƙwai. Mai wat 5 yana jan kusan amfiya 0.4, wato kusan 10Ah a yini da kwana. Batirin da aka rubuta wa 60Ah zai kai rabi cikin kwana uku, kuma batir mai rabin caji, musamman in ya kwana biyu a duniya, ba lallai ya iya juya inji ba. Haka cajar waya da ɗan abin da ake sokawa don jin karatu ko waƙa ta Bluetooth: a wasu motocin ramin da ake soka su ba ya mutuwa ko an zare makulli. In ɗan haskensu bai ɗauke ba, a riƙa zare su.

5. A auna abin da mota ke sha tana barci. Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne, kuma shi aka fi yi ba daidai ba. Motar zamani ba ta mutuwa ɗungum in an kashe ta. Agogo, ƙwaƙwalwa, rediyo da na'urar da ke jiran rimot duk suna ɗan tsotsa, kuma hakan ba laifi ba ne muddin bai wuce miliamfiya 50 ba, wato 0.05 a fuskar mita. A wannan ma'auni batir mai 60Ah zai yi sama da mako uku kafin ya kai rabi. In abin ya zama 0.50, kwana biyu da rabi ya isa.

Ga yadda ake yi. A zare makulli, a kashe komai. A buɗe bonet da ƙofar direba, sai a sa sukurdireba a danna harshen makullin ƙofar har ya yi ƙas, don motar ta ɗauka a rufe take. In kuma ɗan maɓalli ne a jikin ginshiƙi, a danne shi da wani abu. A mayar da jan tsinken mita ramin da aka rubuta 10A, a juya ta zuwa 10A. A cire kan batir mai −, a ɗora tsinke ɗaya a kan gindin batirin, ɗayan a kan wayar da aka cire, yadda duk wutar da za ta shiga mota sai ta ratsa mita. Da farko lambar za ta yi sama, don an tashi ƙwaƙwalwa daga barci. Nan ne haƙuri ke da rana: wasu motocin minti goma ya ishe su, wasu sai sun yi rabin awa ko fiye kafin su kwanta. Mai gaggawa yakan karanta lambar farko ya ce akwai matsala, a shiga tsinke wayoyin da ba su ci ba ba su sha ba.

Abu biyu ne ba a yi a wannan hali. Ba a murɗa makulli don tayar da mota, domin sitata na jan sama da amfiya ɗari, nan take za ta ƙona mitar. Ba a kuma ɗora tsinkayen a kan + da − a tare alhali mita na kan 10A. Da an gama a mayar da jan tsinke raminsa na asali.

6. In lambar ta yi yawa, a bi fis ɗaya bayan ɗaya. Yawancin motoci akwatin fis biyu gare su, ɗaya a ƙarƙashin bonet, ɗaya kusa da gwiwar direba. A fara ɗaukar hotonsa da waya. Mutum ɗaya na kallon mita, ɗaya na zare fis, ya jira kaɗan, ya mayar, ya wuce na gaba. Wanda aka zare lambar ta faɗo, layinsa ne ke da matsala, kuma murfin akwatin zai nuna ko na rediyo ne, ko na fitilun ciki, ko na makullan ƙofa. A tuna fis ɗin shaida ne kawai. Canja shi ba ya gyara komai. Rilen da ya maƙale, kamar na esi ko na fanka, shi ma yakan yi wannan aika-aika, kuma sau da yawa za a ji shi da ɗumi alhali mota ta daɗe a kashe.

In an zare duka lambar ba ta motsa ba, a koma kan altaneta. A cikinta akwai wasu ƙananan abubuwa da ake kira dayod, aikinsu su bar wuta ta fita zuwa batir su hana ta dawowa. In ɗaya ya lalace, altaneta na iya yin caji da rana ta kuma zuƙe da dare. Mai wayarin zai cire kan batir, ya kwance babbar wayar bayan altaneta ya naɗe bakinta, ya sake aunawa. In shan ya tsaya, gyaran dayod ne, ba sai an sayi wata altaneta ba.

7. A tuhumi duk abin da aka ƙara wa mota bayan ta baro kamfani. A ganina nan ne mafi yawan matsalar take. Saboda satar mota mutane da dama sun sa tiraka da sikiriti, kuma ba na ganin laifinsu. Matasa sun sa rediyo mai allo irin na Android, da amfilifaya a but, da fitilu masu walƙiya. Matsalar tana wajen haɗin. Rediyo waya biyu yake buƙata, ɗaya mai wuta kullum don ya riƙe tashoshi, ɗaya mai wuta sai an murɗa makulli. Mai son ya gama da wuri sai ya murɗe su wuri guda ya naɗe da baƙin tef: allo ya mutu, cikin na'urar kuwa na nan a farke. Ɗaga kafet ko ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, in ka ga dunƙulen tef ya yi danƙo yana warwarewa, wayoyi masu launi daban an soke su a jikin na asali babu fis, ka san inda za a fara. Motar da aka sayo ta hannu kuma wani lokaci takan zo da tsohuwar tirakar mai ita na farko, tana ɓoye tana ci babu wanda ya sani.

Ba cewa nake a cire tiraka ba. A sa wanda ya san aikin ya haɗa ta da fis nata, a auna abin da take ja a gabanka, ka kuma san cewa motar da ke ɗauke da ita ba za ta jure dogon zama kamar wadda ba ta da ita ba. Mota mai tashi da maɓalli kuma, kada a rataye rimot ɗinta a tagar da ke dab da ita, don wasu ba sa samun barci in suna jin sa kusa.

8. A tsabtace saman batir. Ƙurar hunturu in ta taru a kai ta haɗu da danshi da ɗan ruwan batir da ya fantsalo, takan zama hanyar da wuta ke bi tsakanin kawunan biyu. Farin gari ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a kan kawunan kuma yana hana caji shiga. A cire kawunan, a wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa ɗan bekin soda ko kanwa a ciki, a goge da tsohon burushin haƙori, a kula kada ruwan ya shiga cikin batir. A bushe, a ɗaure tamau, a shafa ɗan girisi ko basilin. Kan da ke juyawa da hannu bai ɗauru ba, kuma ƙusar da ake bugawa a tsakani ba gyara ba ce. Batir mai murafe, in ruwansa ya ja baya, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ban da na famfo ko na leda, ban da asid.

Mutane kan ɗora wa sanyin Disamba da Janairu laifi, don a lokacin ne motoci suka fi ƙin tashi da asuba. Gaskiyar ita ce zafin Maris da Afrilu ne ke cin batir, sanyi tona asiri kawai yake yi. Ajiye mota a inuwa na ƙara masa kwana. Da damina kuma, masu gidaje ta gangaren Kogin Kaduna su riƙa taɓa kafet a Agusta da Satumba: ruwan da ya kwanta a ƙasa yana jiƙa mahaɗan wayoyi ya sa su tsatsa. Motar da ta daɗe a ajiye, a riƙa buɗe bonet ana duba aikin ɓera.

9. Ɗumama mota minti biyar da safe ba caji ba ne. In inji na aiki mota na tsaye, altaneta kaɗan take bayarwa, ga shi an ƙona mai a banza. Haka gajeriyar tafiya, daga Unguwar Rimi a sauke yara a Malali a dawo da esi a kunne, ba ta cika batirin da ya riga ya sauka. Gara sau ɗaya a mako a haɗa hidimomi a yi tafiyar rabin awa ko fiye, irin zuwa Kawo ko Mando a dawo. Sannan a yi magana da mutanen gida. In an ɗauke wuta yara kan shiga mota su murɗa makulli rabi, a jona wayoyi, a kunna rediyo har a yi isha'i. Mai ita ba ya nan, da safe sai ya ce batir ne.

10. In za a yi doguwar tafiya, a cire kan batir. Maniyyacin da zai yi wata guda ko fiye a ƙasa mai tsarki, da ma'aikacin da ke hawa jirgin ƙasa a Rigasa ya yi makonni a Abuja, su cika batir, su cire mai −, su kawar da wayar gefe yadda ba za ta koma ta taɓa ba. Masu Peugeot irin 307 da 406 na baya-bayan nan su kashe mota su jira aƙalla minti uku kafin su cire, don ƙwaƙwalwar da ake kira BSI ta kwanta. In aka katse ta tana aiki takan rikice. Masu Honda su nemi lambar sirrin rediyonsu tukuna, don wasu sukan kulle in wuta ta yanke. A kuma tabbatar makullin hannu na buɗe ƙofa, tunda rimot ba zai yi aiki ba, tiraka ma ƙaramin batirinta ba zai kai ko'ina ba. Wanda ba ya son rasa tiraka ya nemi ƙaramin faifan sola mai na'urar daidaita caji, ko ya bar wa amintacce makulli ya riƙa fita da motar.

11. In ya riga ya mutu, a tashe shi bisa ƙa'ida. Mota atomatik ba a tura ta. In za a ɗebo wuta daga wata motar, jar waya daga + na mataccen zuwa + na mai rai, baƙar waya daga − na mai rai zuwa wani ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa kaɗan da batir. In ta tashi a cire su daga na ƙarshe zuwa na farko. Juya kawunan ko na daƙiƙa ɗaya ne na iya ƙona fis babba da dayod. Bayan nan a kai batirin a yi masa caji a hankali ya kwana, kada a bar wa altaneta wannan nauyin. Kada kuma a bar shi a mace har mako: wani farin gishiri ne ke daskarewa a kan farantansa na ciki, kuma kowace mutuwa na rage masa ƙarfin da ba ya dawowa.

12. In gwaji ya nuna batirin ne, to a saya da ido buɗe. A yanayin zafi irin namu shekara biyu zuwa uku ne yawancinsu ke yi. A sayi mai girman da motar ke buƙata, a duba kawunan suna gefen da ya dace, a nemi ranar da aka ƙera shi a jikinsa, a sa mita a kai tun a shago: sabon da ke nuna ƙasa da 12.4 ya daɗe a kan kanta. A karɓi rasit mai rana da sharaɗin garanti a rubuce. A ɗaure shi da ƙarfensa, don girgizar ramukan hanya na kakkarya shi ta ciki.

Tsohon kuma kada ya kwana a tsakar gida ko bayan kicin. Dalma ce da asid a cikinsa. Abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu sanadiyyar ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ya nuna cewa ƙananan yara ta fi yi wa illa. Kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa a kwata, kada a bar yara su mayar da shi kujera. Masu sayar da batir na karɓar tsoho su rage kuɗin sabo, masu sayen tsoffin ƙarafa a Panteka ma na saye. A ɗauke shi a tsaye, a ɗora a kan kwali a but, a wanke hannu da sabulu bayan an sauke.